Zanen Gawayi a Bangon Zaure

A unguwannin da famfo ya daɗe da ƙafewa, akwai gidajen da ba a biyan ɗan garuwa kuɗi hannu. Maigida kan fita tun da sassafe, don haka sai ya yi yarjejeniya da mutum guda: ka riƙa kawo wa iyali ruwa, ranar Juma'a mu yi lissafi. Ɗan garuwa ya turo kurarsa cike da jarkoki masu ruwan ɗorawa, waɗanda aka toshe bakinsu da leda kafin a murɗa murfi. Ya yi sallama, mata su gyara lulluɓi, ya shiga ya juye a randa da duro. In zai fita, ya ɗauki guntun gawayi ya ja layi a bangon zaure, kowace jarka layi ɗaya. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, maigida ya tsaya gaban bango yana ƙirgawa. Ruwan da zai biya kuɗinsa an sha, an yi wanka, an yi wanki, ya bi rariya ya wuce. Zanen nan kaɗai ya rage masa.

Mutum uku ne a wannan ciniki. Wanda ya kawo shi ne ya rubuta, wanda ya sha ba shi zai biya ba, wanda zai biya kuma bai ga lokacin da aka kawo ba. Duk inda ciniki ya zama haka, amana ce ke riƙe da shi, ita kuwa amana tana son a riƙa leƙa ta.

Kusan haka ake biyan kuɗin jinyar masu taɓin hankali da masu fama da shaye-shaye a Amurka. Majinyaci ya je asibiti ko cibiyar ba da shawara, a duba shi, ya tafi. Cibiyar ta tura takardar neman biya ga kamfanin inshora ko ga gwamnati. Ga talakawa akwai shirin Medicaid, wanda aka kafa a 1965, gwamnatin tarayya da jihohi ke haɗa kuɗinsa, kuma babu mai biyan kuɗin jinyar ƙwaƙwalwa a ƙasar da ya kai shi. Ga tsofaffi da naƙasassu akwai Medicare. Su ne maigidan da ba ya gida.

Abin da ya sa wannan fanni ya fi sauran fannonin likita kama da ruwan ɗan garuwa shi ne ba ya barin alama. Wanda aka yi wa tiyata yana da tabo, wanda ya karye akwai hoton ƙashi. Amma wanda ya zauna da mai ba shi shawara a ɗaki, ƙofa a rufe, suka yi magana kan abin da ke hana shi barci, in ya fito babu abin da za a nuna. Shi ya sa aka mai da lokaci ma'auni. Zaman da ya ɗauki minti 16 zuwa 37 lambarsa 90832, na minti 38 zuwa 52 lambarsa 90834, wanda ya kai minti 53 ko ya wuce kuma 90837, kowace lamba da farashinta. Dole a rubuta ranar, da tsawon zaman, da abin da aka yi, da yadda ya dace da tsarin jinyar da aka zana wa mutumin tun farko, sannan wanda ya yi aikin ya sa hannu. Ma'aikatan fannin suna da wata magana da suke koya wa duk sabon shiga: abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba. Magana ce mai ɗaci ga wanda ya wuni yana aiki, amma in ka tsaya a inda mai biya ya tsaya za ka ga dalilinta.

A 2023 ofishin Sufeto Janar na ma'aikatar lafiya ta Amurka ya fitar da sakamakon binciken kuɗin da Medicare ya biya na irin wannan zama a shekarar farko ta annobar korona, daga Maris 2020 zuwa Fabrairu 2021. Cikin kusan dala biliyan 1 da aka biya, ofishin ya ƙiyasta cewa dala miliyan 580 ba a biya su bisa ƙa'ida ba. Wanda ya ji wannan adadi sama-sama zai ce fiye da rabin masu wannan aiki ɓarayi ne. Ba haka rahoton ya ce ba. Yawancin abin da aka samu gibin rubutu ne: ba a rubuta tsawon lokacin zaman ba, tsarin jinya bai cika ba ko babu shi a fayil, an rasa sa hannu. Watakila an yi zaman, watakila ma ya ceci rai. Wannan shi ne ɗan garuwan da zai ce, “Alhaji, wallahi na kawo, gawayin ne ban samu ba a ranar.” Maigida kuma ya amsa, “To Malam, ni da me zan kama?” Dukansu biyu suna da gaskiya, kuma a nan aikin mai bincike na ƙwarai yake farawa, ya rarrabe sakaci da sata.

Ita satar ma iri-iri ce. Akwai jarkar da ba a cika ba amma aka ja mata cikakken layi, wato zaman minti 40 da aka rubuta masa lambar minti 53. Masu bincike sun san wannan, shi ya sa in suka ga mutum kullum babbar lambar yake turawa, ko jimillar awanninsa ta fi ƙarfin yini guda, sai su nemi fayilolinsa. Wannan cutar kuɗi ce, kuma ana iya mayar da kuɗi.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce jarkar da ta cika har baki amma daga kududdufi aka ɗebo ta. Layin da ke bango daidai yake, lissafi bai ɓace ba, yara ne za su kwana da ciwon ciki. A jihar Masachusets, wata yarinya ta yi shekaru tana zuwa wata cibiyar ba da shawara a garin Lawrence, mallakar kamfanin Universal Health Services. Wadda ta ce mata tana da ciwon sauyin yanayi mai tsanani tana kiran kanta ƙwararriyar likitar halayya, alhali digirinta daga wata makarantar intanet ce da ba a amince da ita ba, kuma jihar ta ƙi ba ta lasisi. Wadda ta rubuta mata magani kuma an gabatar da ita a matsayin likitar ƙwaƙwalwa, ashe ma'aikaciyar jinya ce da ba ta da ikon rubuta magani sai ƙarƙashin kulawar likita. Cikin mutum 5 da suka duba yarinyar, ɗaya ne kawai ke da lasisin da ya dace. Maganin bai karɓe ta ba, ta fara suma da jijjiga, ta rasu a 2009 tana da shekara 17. Iyayenta suka kai ƙara, magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka. A 2016 alƙalan suka yanke hukunci baki ɗaya cewa wanda ya tura takardar neman biya yana ɓoye cewa ya karya wata muhimmiyar ƙa'ida, irin ta lasisin ma'aikata, ana iya kama shi da laifin yi wa gwamnati ƙarya, ko da kowace kalma a takardar gaskiya ce. Duk mai ganin dokokin lasisi da kulawa a matsayin wahalar takardu kawai, ya tuna da wannan yarinya.

A gida, ɗan garuwa ba ya yin nisa da irin wannan. Uwargida tana ciki, ta san jarka nawa ta shiga randarta, ta kuma san ɗanɗanon ruwan burtsatse. In ta yi magana da daddare, maigida zai ji. A jinyar shaye-shaye, wanda ke cikin gidan shi ne mutumin da duniya ta riga ta daina yarda da maganarsa. In ya ce ba a yi masa komai ba, a ce ai a buge yake. In ya ce an hana shi fita, a ce ciwonsa ne ke magana. Sau da yawa danginsa sun gaji da shi, ko suna can nesa. Ga kuma dokar sirri da Amurka ta kafa tun shekarun 1970, wadda ta hana bayyana bayanan masu jinyar shaye-shaye ba da izininsu ba. Doka ce mai kyau, don in ba ita ba mutane da yawa ba za su nemi magani ba, tsoron rasa aiki ko shiga hannun 'yan sanda. Sai dai ƙofar da ta rufe don kare majinyaci, azzalumi ma yana fakewa bayanta.

A kudancin Fulorida an ga haka wajen shekarun 2010. Masu gidajen da ake kira na farfaɗowa suka gano cewa fitsarin majinyaci ya fi lafiyarsa riba. Ana gwada shi sau da yawa a mako, ana cajin inshora dubban daloli. Dillalai suna karɓar la'ada kan kowane mutum da suka kawo, kuma wanda ya koma shaye-shaye ya fi wanda ya warke daraja, tunda za a sake buɗe masa sabon lissafi. Ɗaya daga cikin masu irin waɗannan gidaje, Kenneth Chatman, an yanke masa hukuncin ɗaurin fiye da shekara 27 a 2017. A 2018 majalisar dokokin ƙasar ta haramta wannan dillanci, da hukuncin da kan kai ɗaurin shekara 10.

Abin da ya faru a Arizona ya fi wannan muni. Hukumar Medicaid ta jihar, AHCCCS, tana da shiri na musamman don 'yan asalin ƙasar, irin su ƙabilar Nabaho da Apaci. Har zuwa 2023, a wannan shiri wasu ayyukan jinyar shaye-shaye ba su da tsayayyen farashi. Duk abin da cibiya ta rubuta, hukuma na biyan kusan kashi 59 cikin 100. Ka ɗauka maigida ya ce wa ɗan garuwa, “Ja layi yadda ka ga dama, ka kuma yanka wa kowace jarka kuɗin da ka so, zan biya fiye da rabi.” Ga shi kuma a lokacin ana iya sa sunan mutum cikin shirin ta waya, ba tare da an nemi shaidar ƙabilarsa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Mutane suka buɗe cibiyoyi barkatai a birnin Finiks da kewayensa. Fararen motoci suka riƙa yawo a garuruwan Nabaho, da Gallup ta jihar Niyu Meziko, har can Montana, suna ɗaukar mutane a bakin shaguna da tashoshin mota. A yi wa mutum alkawarin abinci da wurin kwana da magani, wani ma a buge aka ɗauke shi, ya farka a gidan da bai sani ba, ɗaruruwan kilomita daga danginsa. A wasu gidajen barasa da ƙwaya ake ba su don su zauna, tunda lambar katinsu ake so. An turo takardun biya da sunan matattu, da sunan mutanen da ke kurkuku, har da na jinyar barasa ga yaro ɗan shekara 4. Kuɗin da hukumar ke biyan irin waɗannan cibiyoyi ya tashi daga kusan dala miliyan 53 a 2019 zuwa dala miliyan 668 a 2022. Bango ya cika da zane tun daga ƙasa har rufi, gidan da bai ƙara mutum ko ɗaya ba, maigida kuma yana ta biya.

Waɗanda suka fara ihu ba masu binciken kuɗi ba ne. Matan ƙabilun ne da ke neman 'yan'uwansu da suka ɓata, suna yawo da hotuna a wuraren shaƙatawa da tashoshin Finiks. Sai ranar 16 ga Mayu 2023 Gwamna Katie Hobbs da Antoni Janar Kris Mayes suka fito suka sanar da dakatar da biyan cibiyoyi fiye da 100, adadin da daga baya ya haura 300. An ƙiyasta asarar ta kai dala biliyan 2.8.

Wanda ya ji wannan zai ce to a tsananta bincike, a rufe duk wanda aka yi shakkarsa. Maƙwabciyar Arizona ta riga ta gwada, shekara 10 kafin nan. Dokar lafiya ta 2010, wadda aka fi sani da sunan Obama, ta ba jihohi umarnin dakatar da biyan duk cibiyar da aka samu zargin zamba mai ƙarfi a kanta, tun kafin a gama bincike. A Yuni 2013 gwamnatin Susana Martinez a Niyu Meziko ta yi amfani da wannan dama kan ƙungiyoyi 15 masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda su ne ke ɗauke da mafi yawan talakawan majinyatan jihar. Wani kamfanin bincike daga Boston, Public Consulting Group, ya duba samfurin takardunsu ya ce sun karɓi rarar dala miliyan 36. Ba a nuna musu rahoton ba, ba a ba su damar kare kansu ba, aka yi musu kuɗin goro. Ƙungiyar da ba ta da ajiya ba ta jure wata biyu babu biya. Da dama suka rufe, ma'aikata suka watse, aka ɗauko kamfanoni 5 daga Arizona su maye gurbinsu, akasarinsu kuma suka tattara nasu ya-nasu suka bar jihar cikin 'yan shekaru. Zuwa 2016 Antoni Janar Hector Balderas ya gama bincikensa ya wanke duka 15 ɗin daga laifin zamba. Abin da ofishinsa ya samu na kurakuran lissafi bai wuce dala miliyan 1.2 ba.

Yadda aka kai ga miliyan 36 ya cancanci a tsaya a kansa, don haka ake yi a yawancin irin waɗannan bincike. Mai bincike ba zai iya karanta fayil dubu ɗari ba, sai ya ɗebi kaɗan. In ya sami kuskure a kashi kaza na abin da ya ɗiba, sai ya ɗauka haka sauran suke, ya ninka. Kamar maigida ne ya zauna gida ranar Talata guda, ya ga an ja layi 10 alhali jarka 8 ta shigo, sai ya ce ke nan duk shekara kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa ya tafi a banza, a dawo masa da su. Hanyar tana da tushe a ilimin lissafi, kotuna kuma sun amince da ita in an ɗebi samfurin yadda ya kamata. Amma in mai binciken ya ƙirga rashin sa hannu daidai da aikin da ba a yi ba, ko bai tambayi cibiya ko takardar tana wani fayil ba, ƙaramin kuskurensa ma ninkuwa yake yi. Kuma in an kori duk 'yan garuwan unguwa rana ɗaya, maigida yana ofis yana shan ruwan roba. Na cikin gida ne za su ji a jikinsu. Mai taɓin hankalin da ya ɗauki shekara biyu kafin ya saki jiki da mai ba shi shawara ba ya komawa wurin baƙo ya fara daga farko. Da yawa daina zuwa suke yi.

To me ya rage ga mai aiki tsakani da Allah? Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Cibiyoyin da suka san ciwon kansu suna rubuta bayanin zama a ranar da aka yi shi, suna duba lasisin kowane ma'aikaci kafin ya ƙare, suna bincika sunayen ma'aikatansu a jerin waɗanda gwamnati ta haramta wa taɓa kuɗinta, kuma suna ɗiban fayilolinsu da kansu suna dubawa kafin wani ya zo. Doka ta ce wanda ya gano an biya shi fiye da haƙƙinsa ya mayar cikin kwana 60. In ya yi shiru, zai iya faɗawa ƙarƙashin dokar da'awar ƙarya ta 1863, wadda aka kafa zamanin Lincoln saboda 'yan kwangilar da ke cutar sojoji, kuma tararta ninki uku ce ta abin da aka ci. Dokar ta ba ma'aikacin cikin gida damar kai ƙara a madadin gwamnati ya kuma sami kaso. Manyan shari'o'in fannin da yawa daga bakin ma'aikaciyar jinya ko akawu suka fito.

Ba na ɓoye tausayina ga ƙananan cibiyoyi. Babban kamfani yana da lauyoyi da sashen bin ƙa'ida, ƙaramar cibiya a ƙauye kuwa mai ba da shawarar ita ce akawu, ita ce mai amsa waya, da daddare kuma ta zauna cike takardu. Wani nazari da aka buga a 2014 ya nuna cewa likitocin ƙwaƙwalwa kashi 43 cikin 100 ne kawai ke karɓar Medicaid, ƙasa sosai da sauran likitoci. Ƙarancin kuɗin da ake biya da yawan takardu suna cikin abin da ke korar su. Duk ƙa'idar da aka ƙara wadda ba ta kare majinyaci daga komai, talaka ne ke biyan kuɗinta da dogon jira.

A ganina binciken da ya tsaya kan takarda ya gaza. Maƙaryacin da ya ƙware fayilinsa ya fi na kowa tsafta, don ba shi da majinyacin da zai ɗauke masa hankali. Dole mai bincike ya taka ƙafa ya je adireshin, ya ga ko akwai cibiya a wurin, ya nemi izinin majinyaci ya tambaye shi ko an yi zaman da aka rubuta, ya kuma ɗauki amsarsa da muhimmanci. In ƙara ta zo daga uwa ko 'yar'uwa, a bi ta a ranar. In kuma ta kama a dakatar da biya, a fara ƙirga mutanen da ke kwance a gidan a san inda za su kwana.

Arizona ta makara a na farko, ta kuma yi tuntuɓe a na ƙarshe. Da aka tsayar da kuɗi, masu gidajen da yawa suka kori mutane kan titi. Jihar ta buɗe layin waya ta kama wa wasu ɗakunan otal, shugaban Nabaho Buu Nygren ya ayyana dokar ta-ɓaci kan lafiya, jami'an ƙabilar suka shiga Finiks suna neman mutanensu. Duk da haka da yawa sun ɓace wa masu neman, a bazarar da birnin ya yi kwana 31 a jere zafi na kai digiri 43. Binciken da 'yan jaridar ProPublica da takwarorinsu na Arizona suka yi ya gano aƙalla 'yan asalin ƙasa 40 da suka mutu a irin waɗannan gidaje da cibiyoyi tsakanin 2022 da 2024, kusan dukansu ta dalilin barasa da ƙwaya, abin da aka ce an kawo su a raba su da shi. Alhakin waɗannan rayuka yana wuyan waɗanda suka yi satar, yana kuma wuyan hukumar da ta yi shekaru tana biya ba ta je ta duba ba.